Kundin aikin sauya shingen tsaga a kan ƙaramin injin zarto na tebur

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda abin da ya same ni shekaranjiya. Ina cikin tsaga wani katako mai tsawon mita ɗaya da rabi, na kusa kai ƙarshensa ke nan, sai na ji kukan injin ya sauya, kuma kafin in yi wani motsi faifan zarto ya fizgi katakon ya harbo shi baya, ya wuce ta gefen ƙuguna ya daki bango. Allah Ya kiyaye, ban tsaya a saitin faifan ba. Da na ɗauki katakon na ga doguwar baƙar ƙuna a gefensa da sawun haƙora a samansa, alamar cewa ya matsu ne tsakanin shinge da haƙoran baya, waɗanda suke tasowa sama daga cikin tebur.

Injin nawa daga cikin masu sauƙin kuɗi yake. Teburinsa na alminiyum ne, faifansa inci 10, wato milimita 254, duk nauyinsa kuma kilo 24 ne. Shingen da ya zo da shi, wato sandar da katako yake jingina da ita yayin da ake tsaga shi, yana kullewa ne gaba da baya a lokaci guda: idan aka danna hannunsa, wata siririyar sanda da ke cikinsa takan jawo ƙugiya ta kama bakin tebur na baya. Na daɗe ina zargin wannan ƙugiya, saboda haka yau na zare wayar injin daga wuta na gwada. Sau goma ina matsar da shingen ina kulle shi, kowane karo ina auna tazararsa daga kwaroron tebur, wato doguwar tsagar da aka yi a saman teburin kusa da faifai, a gaba da kuma a baya. A duka goman bayan shingen ya karkato wajen faifai, mafi ƙaranci milimita 0.3, mafi yawa 1.4. Da a ce karkatar iri ɗaya ce kullum, da sai in gyara ta da ɗan abin cusawa. Abin da ya sa na fitar da rai da shi shi ne ba ya tsayawa wuri ɗaya sau biyu.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na duba shingayen da ake sayarwa a shirye, sai na tarar kuɗin masu kyau ya kusa kai kuɗin injin kansa, kuma yawancinsu an ƙera su ne domin manyan teburan ƙarfen zubi masu kaurin baki. Don haka na yanke shawarar in ƙera nawa.

Fasalin da zan bi shi ne wanda Bill Biesemeyer ya shahara da shi a Amurka tun shekarun 1970, shinge mai siffar harafin T wanda yake kullewa a gaba kaɗai. Ana ɗaure bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu a gaban tebur, wanda zan riƙa kira dogo a wannan kundi. Kan shingen ƙarfen angul ne da yake zamewa a kan dogon, yana taɓa bayansa a wuri biyu masu nisa da juna, hannun kulle kuma yana matse gabansa a tsakiya. Da zarar an kulle, waɗannan wurare uku sukan tilasta wa shingen komawa kusurwa guda ko yaushe, kuma babu wani abu a bayan tebur da zai ja shi gefe. Sauƙin fasalin ne ya ja ra'ayina, domin duk abin da zai iya kaucewa a cikinsa abu ne da zan iya gani in auna.

Asabar, 11 ga Janairu

Kafin in sayi ko da noti ɗaya sai na ga ya kamata in san ko faifan kansa yana tafiya daidai da kwaroron tebur, domin kwaroron nan shi kaɗai ne abin da ba ya motsi a jikin injin, kuma da shi zan saita komai. Na ɗaure agogon awo, na'ura mai allura da ke nuna ƙanƙanin motsi na ɓangaren milimita, a kan wani guntun katako da na fere ya shiga kwaroron ba tare da wasa ba, na ɗaga faifan iyakar tashinsa, na sa wa haƙori ɗaya alama da alƙalami. Na auna wannan haƙori a gaba, na juya faifan da hannu na sake auna shi a baya. Dalilin amfani da haƙori guda shi ne kada ɗan murɗewar da ke jikin faifan ta shiga cikin lissafi.

Sakamakon bai yi mini daɗi ba: bayan faifan ya karkata wajen shinge da milimita 0.4 a tsawon da bai fi santimita 23 ba. Ke nan laifin harbin nan na farkon wata rabawa za a yi tsakanin shinge da faifai, kuma da na ɗora sabon shinge a haka, da ƙunar ba ta daina ba.

Na kifa injin na sassauta uku daga cikin notuna huɗu da suke riƙe da mazaunin mota a ƙarƙashin tebur, na bar na huɗun da ɗan ƙarfi ya zama madogara, sannan na riƙa bugun mazaunin a hankali da guduma ta kan guntun katako. Wahalar ita ce duk lokacin da na ɗaure notunan sai saitin ya zame. Sai a karo na biyar, bayan na koma ɗaure su kaɗan kaɗan bi da bi ina duba agogo, na samu bambancin ya tsaya a 0.05. Daga nan na saita wuƙar da ke bayan faifai, wadda take hana tsagar rufewa, ta dawo layi ɗaya da shi. Aikin ya ci yini guda.

Laraba, 15 ga Janairu

Kayan da na saya su ne bututun ƙarfe mai milimita 50 a kowane gefe da kaurin 3, tsawon mita 2.4, wanda za a yanki dogo na mita 1.4 da gangar shinge, wato doguwar sandar da katako zai jingina da ita, ta santimita 85 daga cikinsa. Angul mai 75 da 50, tsawon mita 1.4, domin ya ɗauki dogon. Guntun angul mai 50 da 50, santimita 35, domin kan shinge. Notuna masu lamba M8 da washa. Da notunan roba mai tauri guda biyu da kan zai riƙa zamewa a kansu. Na tafi da doguwar rula ta ƙarfe na gwada bututu shida kafin na samu wanda bai gantsare ba. Jimillar abin da na kashe zuwa yanzu ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shingen da ake sayarwa ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na yi kuskuren da ya kamata in hango. Na huda bakin tebur na gaba da bakin diril mai milimita 6.8, na fitar da zaren M8 a ciki, da nufin notin ya kama alminiyum ɗin kai tsaye. Bakin teburin nan kaurinsa milimita 4 ne kacal, zaren M8 kuma yana tafiyar milimita 1.25 a kowane juyi, ma'ana zagaye uku ne kawai suke riƙe da notin, a cikin ƙarfe mai laushi. A rami na biyu ina ɗaurewa da sifana sai na ji ta yi sakwaf a hannuna, notin ya fito da zaren duka a jikinsa.

Na faɗaɗa ramukan huɗu zuwa milimita 8.5, na zura notuna suka fita ta baya, na kuma shimfiɗa faffaɗan ƙarfe mai kaurin milimita 3 a ciki domin nauyin ya bazu maimakon ya taru a bakin kowane rami. A jikin angul ɗin na buɗe bakin ramuka yadda kawunan notunan za su nutse su yi daidai da fuskar ƙarfe, saboda ratar da ke tsakanin angul da dogo milimita 20 ce kawai, kuma ta nan ƙafar kan shinge za ta riƙa wucewa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na ɗora dogon, na yi murna da yadda ya miƙe, sai na ɗauko ma'aunin kusurwa na yankan gicciye domin in zura shi a kwaroro, ya ƙi shiga. Na sa saman dogon milimita 8 ƙasa da fuskar tebur, alhali zurfin kwaroron milimita 9.5 ne, don haka sandar ma'aunin tana karo da dogon. Na lissafa tsayin ne daga buƙatar kan shinge kaɗai, na manta da wani abin da yake bi ta wurin. Na sauke komai, na ja ramukan angul da magagari suka zama masu tsawo, na saukar da dogon zuwa milimita 12. Domin tazarar ta zama ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, na yanka ɗan ma'auni na katako mai gaɓa da nake ɗorawa a kan tebur yana taɓa saman dogon. Ramukan masu tsawo sun zo da amfani, domin yanzu ina iya gyara tsayin ba tare da sabon hudi ba.

Talata, 21 ga Janairu

Na kankare baƙin ɓawon da ke jikin dogo da sanfefa, na goge bakunan da aka yanka. Ban yi wani abu ba bayan wannan.

Asabar, 25 ga Janairu

Wannan ce rana mafi muni tun da na fara. Na haɗa gangar shinge da kansa, na saita su da sukwaya, na matse da kilam, na yi walda. Maimakon in ɗiga ta kaɗan kaɗan a kusurwoyi masu fuskantar juna ina barin ƙarfen yana hucewa, sai na ja dogon layi a gefe ɗaya na gama, sannan na koma ɗayan, saboda ina son haɗin ya yi ƙarfi. Ƙarfen walda yana tsukewa yayin da yake sanyi, kuma yana jan abin da ke kewaye da shi. Da ya huce na ɗora rula a jikin angul ɗin, sai na ga ya lanƙwashe kamar baka, tsakiyarsa ta turo da milimita 1.5.

Illar wannan ta fi ƙarfin abin da notin saiti, wato notin da zan sa a kan shinge domin daidaita kusurwarsa, zai gyara. Da kusurwar ganga ce kawai ta kauce, da notunan saiti sun mayar da ita. Amma yanzu tsakiyar kan ce take fara taɓa dogo kafin gefunan biyu, sai shingen ya riƙa lilo a kanta, wato daidai cutar da na baro a tsohon shinge. Na gwada miƙar da shi a matsi, ya dawo kusan rabi, amma ya ɗauki wata murɗewar daban. Bayan awa biyu na haƙura, na yanke shi daga jikin gangar.

Asarar ita ce guntun angul ɗin gaba ɗaya da santimita 5 na ganga inda zafi ya taɓa, saura santimita 80. Wannan tsawon ya isa, domin zurfin teburin bai kai haka ba.

Talata, 28 ga Janairu

Na sayo wani guntun angul, wannan karon mai kaurin milimita 6. Na yanke shawarar ba zan sake kai wuta kusa da kan shinge ba. Da notuna zan haɗa shi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na haɗa ganga da kai da notuna huɗu, zaren a jikin angul, inda kaurin milimita 6 na ƙarfe ya ba shi abin kamawa sosai. Na huda ramuka a saman gangar domin sifana ta kai ga kawunan notunan daga ciki. A ƙafar angul da ke sauka bayan dogo na sa notunan saiti biyu, santimita 30 tsakaninsu, kowanne yana tura ɗan falle na ƙarfe da na manna wa roba mai santsi, domin kada bakin noti ya riƙa cin dogon. A saman kuma notunan roba biyu ne suke ɗauke da nauyi, kuma da su nake karkatar da fuskar shinge har ta tsaya digiri 90 a kan tebur. A ƙarƙashin wutsiyar gangar na manna wata robar da take zamewa a kan tebur. Shingen yana tafiya da turin yatsa biyu.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na tura shingen zuwa ƙarshen dogo ta dama domin in ga iyakar faɗin da zan samu, sai injin gaba ɗaya ya ɗaga ƙafafunsa na hagu, da ƙyar na tare shi da gwiwa. Da na ɗora kayan a sikeli na ga dogo da angul sun kusa kilo 13, shingen kuma ya haura kilo 6, a jikin injin kilo 24, kuma mafi yawan wannan nauyi yana rataye ne a gefe guda. Da wannan ya faru faifai yana juyawa da katako a kai, da abin ya yi muni ƙwarai. Ba zan kunna injin ba sai na yi masa ƙafafu a ƙarshen dogo. Wannan ƙarin kashe kuɗi ne da ban sa a lissafi ba: rabin fallen filawud mai kaurin milimita 18, katakon firam, da ƙafafu biyu masu notin daidaita tsayi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na gina fiffiken tebur a dama, na ɗaure shi da angul na gaba da gefen tebur, na sa ƙafafun biyu, na kuma ɗaure gindin injin a kan mazauninsa. Na bar fiffiken ya yi ƙasa da tebur da kaurin takarda ɗaya, domin katako ya fi son ya sauka kaɗan a kan ya yi karo da gaɓa.

Da yamma na koma kan hannun kulle. Na yi shi da guntun ƙarfe zagayayye wanda na huda a kauce da cibiyarsa milimita 3, yadda idan an danna hannun ɓangaren mai kauri zai matse dogo. Ya kulle da kyau, amma da na kunna injin na minti biyu ba tare da yanka ba, girgiza ta sa hannun ya ɗago da kansa. Dalili shi ne hannun yana tokarar angul kafin wuri mafi kauri ya wuce saitin dogo, don haka matsin yana tura shi baya ne zuwa buɗewa. Na rage wurin da yake tokara da magagari har ya riƙa wuce ƙololuwar da ɗan kaɗan, inda matsin da kansa yake riƙe shi a kulle. Na kuma rataya siririn falle na ƙarfe tsakaninsa da dogo, saboda ya fara barin tabo.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na shafa fenti a angul da ganga. Fuskokin dogo uku da shinge yake taɓawa na bar su ba fenti, na shafa musu kakin goge katako marar silikon domin tsatsa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Saitin ƙarshe ya fi yadda na zata laushi. Notunan saiti santimita 30 ne tsakaninsu, gangar kuma 80, saboda haka juyi ɗaya na noti, wato milimita 1.25, yana matsar da wutsiyar shinge fiye da milimita 3. Domin in motsa ta kashi ɗaya cikin goma na milimita, juyin da ake buƙata bai wuce digiri 11 ba, abin da hannu yake yi kusan ba tare da ya sani ba. Na ɗaura wa makullin doguwar sanda domin in riƙa ganin motsin, na kuma ɗiga maganin hana noti kwancewa a zaren.

Masu aikin katako sun rabu a kan ko shinge ya tafi daidai da faifai ɗari bisa ɗari, ko a bar wutsiyarsa ta buɗe kaɗan waje. Ni na zaɓi buɗewar milimita 0.1 a baya. Hujjata ita ce duk awo yana da kuskure, kuma na fi son kuskurena ya faɗa ɓangaren da ba ya matse katako a haƙoran baya. Fiye da haka kuwa ba na so, domin sai guntun da ke ɗaya gefen ya fara gogar faifai.

Na ɗaura fuskokin filawud masu kaurin milimita 12 a gefunan gangar. Da na bi ta dama da agogon awo na tarar ta lotsa da 0.2 a wajen noti na uku, inda bututun kansa yake da ɗan kwari. Falle biyu na takardar rubutu, kowanne kimanin 0.1, da na cusa a bayan wurin sun cike shi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na manna tef ɗin awo a saman dogo, na yi masa manuni da guntun roba mai haske wanda na ja wa siririn layi a fuskarsa ta ƙasa, kusa da tef, domin karatun kada ya sauya idan an kalle shi a karkace. Ban sa sifili ta hanyar jingina shinge da haƙora ba. Na kulle shingen, na tsaga katako, na auna faɗinsa da ma'aunin kauri, sannan na matsar da manunin zuwa wannan lamba.

A nan na gano wani abu da zan riƙa kiyayewa. Faifan injina hagu yake kwantawa, kuma kafaɗar da yake jingina da ita a kan sandar da ke juya shi tana hagu, don haka kaurin faifai yana ƙaruwa ne ta wajen shinge. Da na cire siririn faifai mai tsagar milimita 2.4 na sa mai haƙora 24 da tsagar 3.2, karatun ya kauce da kusan 0.6. Na ja ramukan manunin suka yi tsawo domin a riƙa gyara shi duk lokacin da aka sauya faifai.

Sannan na maimaita gwajin ranar 4 ga Janairu. A kullewa goma, bambancin gaba da baya ya tsaya tsakanin 0.08 da 0.13. Na tsaga sanduna goma a kan milimita 50, ina kawar da shingen ina dawo da shi kafin kowace, na tura su da sandar turi. Mafi siranta ta fito 49.95, mafi faɗi 50.10, kuma babu ƙuna a ko ɗaya. Da na ja wutsiyar shinge gefe da sikelin rataye har kilo 5, ta kauce 0.15 ta dawo wurinta. Faɗin da nake iya tsagawa ya tashi daga santimita 30 zuwa 76. Duk kuɗin da na kashe, har da angul ɗin da na ɓata da fiffiken da ban shirya masa ba, ya kai kusan kashi biyu cikin biyar na kuɗin shingen da ake sayarwa.

Abu biyu suka rage. Dogon ya rufe maɓallin kashe injin ta sama, sai na sunkuya nake kai hannu gare shi, don haka gobe zan ciro shi in ɗaura a ƙarƙashin angul ta hagu, da faffaɗan murfi da gwiwa za ta iya bugawa. Bayan haka zan yi gajeriyar fuska da za a riƙa ɗorawa a kan shingen, wadda take ƙarewa a saitin tsakiyar faifai, domin tsaga katakon da yake buɗewa ko ya gantsare bayan ya wuce haƙora. Na riga na yanka filawud ɗinta, santimita 45, saura hudi.